Garin Bakin Kogi ta Ruwa Ake Shigarsa

Baƙon da ya biyo babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, ya ratsa ta Ɗan Magaji ya fita ta Kwangila, in ya ce ya ga Zariya bai yi ƙarya ba, amma gidajen mai da masu gasa masara ya gani. Wanda ya shiga ta Ƙofar Doka ya nufi fada, ya leƙa tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, shi ne ya shigo ta inda maginan garin suka so a shigo. Kowane tsohon gari yana da fuska yana da ƙeya. Namu biranen hanyar fatake suke fuskanta. Waɗanda suka tashi a bakin manyan koguna kuwa, irin su Luksor a Masar da Budafes a Hangari da Kolon a Jamus, ruwa suke kallo, domin kafin zuwan dogo da kwalta kogi ne babban titi. Ta nan hatsi da dutsen gini da gishiri da mayaƙa ke isowa, shi ya sa aka jera fada da wurin bauta da kasuwa a gaɓa. Jirgin sama a ƙeyar gari yake sauke mutum, jirgin kogi kuwa har ƙofar gida yake kai shi.

Abin da ke jan masu son tarihi da al'adun mutane ke nan zuwa hutun yawon buɗe ido a jirgin kogi. Jirgin kansa masauki ne mai tafiya: ɗakin kwana da banɗaki, ɗakin cin abinci, da rufi shimfiɗaɗɗe inda ake shan iska. Sau ɗaya matafiyi zai kwance jakarsa ya jera kaya, shi ke nan har a gama. Galibi da dare ko bayan azahar ake tafiya, gari ya waye a wani garin, a fita da jagora a yi awa uku ko huɗu ana zagayawa, a dawo a ci abinci. Babu igiyar ruwa irin ta teku, saboda haka ba jiri ba amai, gaɓa kuma ba ta ɓacewa daga ido. Jirgin shaƙatawa na teku yana kwasar dubban mutane, na kogi da wuya ya kai 200. Ga wanda zai tafi da mahaifiyarsa ko wani dattijo da hawa da saukar mota ke wahalarwa, wannan sauƙi ne babba.

Sai dai masu tallar tafiyar ba su cika ɗaga murya wajen faɗin abu ɗaya ba: kogi ne mai gida. Shi ke yanke girman jirgi, da watan da za a tafi, da awa nawa za a yi a kowane gari. Wanda ya san haka kafin ya biya kuɗi zai more. Wanda bai sani ba zai dawo yana cewa an yi masa sakiyar da ba ruwa.

A fara da Nilu, domin shi ya fi kusa da mu ta aljihu da ta zuciya. Akwai jirage daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira, daga can kuma awa guda ce a sama zuwa Luksor, ko a kwana a jirgin ƙasa. Ana bukatar biza da katin allurar shawara. Tafiyar da aka saba tana tsakanin Luksor da Aswan, nisan da ya ɗan haura kilomita 200, kamar dai daga Kaduna zuwa Kano. Daga Luksor kwana huɗu ake yi saboda haurawa ake ana karo da ruwa, daga Aswan kuwa gangara ce, kwana uku. Nilu daga kudu yake malalowa arewa, iska kuma daga arewa take kaɗawa kusan duk shekara, don haka mutanen da suka sami titi mai hannu biyu kyauta: mai zuwa kudu ya buɗe ƙyallen kama iska, mai zuwa arewa ya naɗe shi ruwa ya ɗauke shi. Har a rubutunsu na hotuna, jirgi mai buɗaɗɗen ƙyalle shi ne alamar tafiya kudu.

A Luksor gaɓar gabas ta rayayyu ce, ta yamma ta matattu. A gabas akwai haikalin Karnak, wurin bautar mutanen da, inda zaure ɗaya kaɗai ke da ginshiƙan dutse 134, manyan cikinsu sun kai tsawon mita 21. Amma wurin da ya kamata Bahaushe ya tsaya ya daɗe shi ne masallacin Abul Hajjaj, wanda ke zaune a cikin haikalin Luksor. Lokacin da aka gina shi, ƙasa da yashi sun riga sun binne haikalin har wuya, sai aka ɗora masallacin a kan ginshiƙan fir'auna. Da masu tono suka kwashe ƙasar, tsohuwar ƙofar masallacin ta zama a rataye can sama a jikin bango, ba matakala a ƙarƙashinta. Mutum yana tsaye a gindin gunkin Ramsis na biyu sai ya ji kiran sallar magariba daga saman kansa. Ibn Baɗɗuɗa ya biyo ta nan a 1326 yana neman hanyar Makka ta Bahar Maliya. Jagoran da ke sauri yakan nuna masallacin da yatsa ya wuce, sai an ce masa ana son shiga, ƙofarsa ta yanzu kuma ta wajen dandalin gari take.

A yamma, Kwarin Sarakuna yana da kaburbura fiye da 60, amma tikitin shiga uku kawai yake bai wa mutum damar gani. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban, kuma ƙarami ne, dukiyarsa ma an kwashe ta zuwa gidan tarihi. Mai son zane da launi ya fi cin riba a kabarin Seti na ɗaya ko na Ramsis na shida, su ma da kuɗinsu daban. Gawarwakin manyan fir'aunoni ba sa nan, tun 2021 suna gidan tarihi na Fusɗaɗ a Alƙahira. Masana ba su haɗu a kan wane ne fir'aunan Annabi Musa ba, don haka in jagora ya nuna wani ya rantse, cika baki ne.

Kudu da Luksor akwai Isna, inda madatsar ruwa ta tare kogin. Jirgi ba ya wucewa sai ta matakalar ruwa, wato wani dogon akwati mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa har ya ɗaga shi ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe. Jirage biyu take ɗauka a lokaci guda, a lokacin cunkoso kuma gommai ne ke layi, sai a yi awoyi ana jira. A nan ne 'yan kasuwa ke zuwa a ƙananan kwale-kwale, su ɗaure igiya a jikin jirgi, su cusa jallabiya ko mayafin tebur a leda su wurgo har hawa na huɗu. Mai so ya yi ciniki da ihu da yatsu, ya sa kuɗi a ledar ya jefa musu, wanda ba ya so ya mayar da kayan. Wanda ya saba da cinikin kasuwar Sabon Gari ba zai sha wuya ba. Illar jiran ita ce yana cin lokacin garin gaba. Shi ya sa ake yawan isa Idfu da asuba a kan gaggawa, a hau keken doki zuwa haikalin Horus, wanda aka fara a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsira da rufinsu. Haikalin Kom Ombo kuwa a bakin ruwa yake, daga jirgi sai taku kaɗan, ga kuma busassun kadoji da aka yi wa likkafani a ɗan gidan tarihin da ke gefensa.

Aswan ita ce ƙofar ƙasar Nuba. Babbar madatsar da aka kammala a 1970 ta haifar da tafkin Nasir, ta tashi dubun-dubatar Nubawa daga garuruwansu, ta kuma tilasta aka ɗauke wuraren tarihi ɗungurum. Haikalin Filae an kwance shi dutse-dutse an sake ɗora shi a wani tsibiri. Haikalin Abu Simbel an yanka shi da zarto tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga shi sama da mita 65. Yana da nisan kimanin kilomita 280 daga Aswan, ana tashi tun kafin asuba, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa, kuma yawanci ba ya cikin kuɗin jirgi. Mai ra'ayin al'adu kada ya bar Aswan bai shiga gidan tarihin Nuba ba. Ziyarar ƙauyen Nubawa da ake sayarwa a jirgi sau da yawa shiri ne na baƙi, gidan tarihin ya fi ta faɗin gaskiyar abin da ruwa ya cinye.

Abubuwan da ke ɓata tafiyar Nilu sanannu ne. Daga Mayu zuwa Satumba zafi yana wuce digiri 40, duwatsun haikali kuma suna mayar da shi kamar tanda, ko ɗan Zariya da ya saba da bazara zai ji a jikinsa. Oktoba zuwa Afrilu ne lokaci, Disamba da Janairu kuma su ne tsada da cunkoso. A tasha jirage kan jeru gefe da gefe, huɗu ko biyar, sai mutum ya ratsa ta zauren wasu kafin ya taka ƙasa, tagar ɗakinsa kuma tana kallon tagar wani, injin maƙwabci yana ruri. Ɗakin da ke hawan ƙasa ta baya shi ya fi shan ƙara da warin mai, a nemi na tsakiya a hawa na biyu ko na uku. Ruwan famfon jirgi na wanka ne, na sha sai na kwalba, a kuma tafi da ƙunshin gishiri da sukari saboda gudawa, ita ce ciwon da ya fi kwantar da matafiya. Kada a shiga kogin wanka saboda tsargiya. Manyan wuraren tarihi da kati ake biyan tikitinsu yanzu, don haka a tabbatar katin banki yana aiki a waje, a kuma riƙe ƙananan kuɗin Masar na tukuici, wanda suke kira bakshish. Tsayawar da ake yi a shagon turare ko na sassaƙar dutse, jagora yana da kamasho a ciki, ba dole ba ne a saya.

Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya duba dahabiyya, jirgi mai ƙyallen iska da ɗakuna ƙalilan, wanda ke tashi daga Isna. Saboda ƙanƙantarsa yana tsayawa inda manya ba sa iyawa, kamar mahaƙar dutse ta Jabal Silsila da kasuwar raƙuma ta Daraw. In iska ta ɗauke, ƙaramin jirgi mai inji ne ke jansa. A ganinmu shi ne ya fi cika sunan tafiyar al'adu a duk Nilu.

Wasu kan tambaya ko ya dace Musulmi ya shiga wuraren gumaka. Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, malamai kuma sun yi bayanin ladabin shiga irin waɗannan wurare, cewa don wa'azi ake shiga. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya sayi tikiti. Salla a jirgi ba ta da wuya. Matafiyi yana ƙasaru, yana fuskantar alƙibla, in jirgin ya juya ya juya da ita gwargwadon iko. Daga Luksor alƙibla kudu maso gabas take, saɓanin Zariya inda muke ɗan karkata arewa, don haka in jirgi ya nufi Aswan tana gabanka ta hagu.

A Turai lissafin daban ne. Kogin Danub yana da tsawon kimanin kilomita 2,850, ya ratsa ƙasashe goma da hedkwatocin ƙasashe huɗu: Biyana, Biratislaba, Budafes da Belgirad. Tun da aka buɗe mashigin da ya haɗa shi da kogin Mayin da Rayin a 1992, jirgi yana iya tashi daga Amstadam ya kai Budafes cikin kusan mako biyu, yana ratsa matakalar ruwa sama da 60. Faɗin matakalan mashigin mita 12 ne, shi ya sa kusan duk jiragen fasali ɗaya ne, tsawo mita 135, faɗi mita 11 da ɗan ɗori. Kamfani mai tsada ba ya iya ƙara wa jirginsa girma, sai dai ya rage yawan fasinja ya kyautata abinci da jagorori. Gadoji ma suna da hukunci. In an tunkari gajeriyar gada ana kwantar da rumfuna da kujerun rufi, ɗakin matuƙi ya nutse cikin jirgi, a wasu wuraren a rufe rufin na kwanaki.

Abin kallo kam akwai shi. A kan Rayin, tsakanin garuruwan Bingen da Kobilenz na Jamus, kilomita 65 kacal, akwai tsofaffin ganuwoyi da fadoji kusan 40 a kan duwatsu, da yawansu don tare jiragen fatake a karɓi kuɗin fito aka gina su. Majami'ar Kolon an fara ta a 1248, ba a gama ba sai 1880. A Mayinz Gutenbag ya ƙirƙiro injin ɗab'insa. A Budafes, inda Turkawa suka yi mulki daga 1541 zuwa 1686, har yau akwai hubbaren Gul Baba, wani shehin Turkawa, da gidajen wankan da suka bari, kodayake ba kasafai ake sa su cikin zagayen safe ba, sai mutum ya je da ƙafarsa a lokacin hutu.

Babbar matsalar ita ce ruwa da kansa. Jirgi yana bukatar zurfin da ya kusa mita biyu. A ƙarshen rani irin na 2018 da 2022 Rayin ya janye a wajen garin Kaub, haka Danub tsakanin Straubing da Vilshofen, duk a Jamus, jirage suka kasa wucewa. In ruwa ya yi yawa kuma, kamar ambaliyar Yunin 2013 a Passau, ba sa shiga ƙarƙashin gada. Abin da kamfani ke yi shi ne a kwashe fasinja a bas a kai su wani jirgin a ɗaya gefen, ko a ƙarasa tafiyar a bas da otal. Takardar yarjejeniya galibi ta ba su wannan dama ba tare da mayar da cikakken kuɗi ba. Kamfanin da ke da jirage iri ɗaya da yawa a kan hanya shi ya fi iya musaya cikin sauƙi, wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun farko.

Ga ɗan Najeriya, biza ce kan gaba. Daga Amstadam zuwa Budafes duk yankin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da suka haɗa biza, ɗaya ta isa, ana nemanta a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wanda zai gangara ƙasan Danub zai ratsa Sabiya, wadda ba ta cikin yankin, saboda haka sai biza mai shiga da fita sau da yawa. Tarkon yana nan: kamfanoni suna karɓar cikon kuɗi watanni kafin tafiya, biza kuma ba a nemanta sai saura wata shida ko ƙasa da haka. A sa su rubuta abin da za su mayar in an hana biza. Sai abinci. Naman alade da giya suna cikin girkin yau da kullum, har a miya da kayan zaƙi, kuɗin giyar ma sau da yawa yana cikin farashi, ziyarar gonakin inabi kuma ɗanɗanon giya ce. A sanar da su tun wajen yin rajista cewa kifi da ganye za a ci, a kuma maimaita wa shugaban ɗakin abinci a daren farko. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Amstadam sai wajen goma na dare, mai azumin nafila ko mai tsara lokutan salla ya san da wannan.

Ko Nilu ko Danub, jadawalin tafiya shi ne abin karantawa da idon basira, ba hotunan ɗaki ba. A duba ƙarfe nawa ake isa, ƙarfe nawa ake tashi. Gari irin Biyana ba ya ganuwa a awa biyar, jirgin da ke kwana a tasha ya fi wanda ya jera sunayen garuruwa goma. A duba ko tashar a tsakiyar gari take. A Nurembag jirgi a unguwar masana'antu yake tsayawa, Salzbag kuwa ba ta kan Danub sam, kusan awa biyu ce a bas. Gidajen tarihi da yawa a Turai ba sa buɗewa ran Litinin, shaguna a Jamus da Ostiriya suna rufe ran Lahadi. A tambayi mutum nawa ke bin jagora ɗaya, domin ashirin da arba'in ba ɗaya ba ne. Mai tafiya shi kaɗai ya sani farashin na mutum biyu ne a ɗaki, za a ɗora masa ƙari. Kuma mu faɗi gaskiya, wannan tafiya ɗanɗano ce. Tana nuna wa mutum garuruwa a jere yadda tarihi ya haɗa su, amma ba ta ba shi zama da mutanen gari. Mai son hakan ya ƙara kwana biyu ko uku a farko ko a ƙarshe, a Alƙahira ya je Azhar da Fusɗaɗ, a Budafes ya bi unguwanni da ƙafa.

Mu ma muna da kogi. Kwara tana da tsawon kimanin kilomita 4,180, a bakinta ko kusa da ita Tambutu da Gawo da Yawuri suka tashi. A Mali manyan jiragen fasinja sun daɗe suna zirga-zirga daga Kulikoro zuwa Gawo a watannin cikar ruwa, amma rashin tsaro ya durƙusar da hanyar, har aka kai wa ɗaya hari a Satumbar 2023. A Senegal akwai tsohon jirgi Bou el Mogdad da ke ɗaukar baƙi tsakanin San Luwi da Fodor, ƙasar kuma ba ta neman biza daga ɗan Najeriya. A gida, layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 daga Baro da ke bakin Kwara ya taso, ƙarafansa ta kogi aka hauro da su. An ƙaddamar da sabuwar tashar Baro a 2019, amma jirgin kwana irin na Nilu yana bukatar a yashe hanya, a kafa mata alamu, a samar da tsaro. Haɗarin jirgin ruwa na Patigi a Yunin 2023, inda mutane sama da 100 suka rasu, ya nuna inda muke a lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar ceto.

Abin da ke yiwuwa yanzu shi ne yini guda a Lakwaja, kuma ga mutumin Zazzau ba baƙon wuri ba ne. Can Turawa suka kai Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi bayan sun tuɓe shi, can kabarinsa yake, haka na Sarkin Kano Alu. A fara da ziyararsu da safe, a hau dutsen Patti a hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, sannan a sauko a ɗauki jirgi mai inji daga tashar da hukuma ta sani, da rana tsaka, kowa da rigar ceto a ɗaure. A Satumba da Oktoba ruwa yana cika yana da ƙarfi, gara a bari sai ya lafa, daga Nuwamba zuwa farkon shekara. A ce wa matuƙi ya rage gudu a daidai mahaɗar, inda ruwan biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya.